Kifin Da Ake Saki Da Kifin Da Ake Soyawa: Ƙarshen Mako A Wani Tafkin Arewacin Wiskonsin

Jihar Wiskonsin da ke arewacin Amurka tana da tafkuna sama da 15,000. A ƙaramar hukumar Vilas kaɗai, can kusa da iyakar Mishigan, akwai fiye da 1,300. Wata huɗu zuwa biyar a daskare suke, har a kori mota a kan ƙanƙarar, sai wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ruwa ke buɗewa. Ranar Asabar ta farko a watan Mayu gwamnatin jiha ke buɗe kakar kamun kifi, kuma daga nan har sanyi ya dawo, duk yammacin Juma'a babbar hanya mai lamba 51 da ta nufi garin Minocqua cike take da motoci janye da jiragen ruwa. Masu wannan tafiya ba su ne ke ci da iyali da su ba. Malaman makaranta ne da direbobi da ma'aikatan kamfanoni daga Milwaukee da Madison da Shikago, waɗanda fatsa ta zame musu abin hutu.

Lamarin da zan kawo ya faru ne a ƙarshen Mayu, a wani ƙaramin tafki da ke wannan yanki. Mu uku ne a jirgi: mai masaukinmu, wanda ya gaji ɗan gidan katako a bakin tafkin daga mahaifinsa, da yayan matarsa, dattijo mai ritaya da ya girma yana su a wurin, sai ni baƙo. Gardamar da ta shiga tsakanin su biyun a kan kifi guda ita ce gardamar da jihar ta shafe fiye da shekara goma tana yi da kanta.

Kifin da aka fito nema shi ne bas mai babban baki. Launinsa kore ne mai duhu, da baƙin ratsi a gefe tun daga kai har wutsiya, bakinsa kuma ya wuce bayan idonsa, in ya wangale shi dunƙulen yaro zai shiga. A kudancin Amurka inda ruwa ke da ɗumi yana girma sosai. Wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932 ya ɗan haura kilo 10, kuma ba a samu wanda ya kamo shi a littafin tarihi ba sai 2009, da Manabu Kurita ya ciro irinsa a tafkin Biwa na Japan. A arewa ba a wannan mafarki. Mafi girman da aka taɓa rubutawa a Wiskonsin kimanin kilo 5 ne, tun 1940, kuma yau wanda ya samu mai kilo 2 sai ya ɗauki hoto.

Abin da ya sa ƙarshen Mayu ya fi daɗin farauta

Da safiyar Asabar mai masauki bai nufi tsakiyar tafki ba. Ya bi gefe ne har wani lungu da ke ɓangaren arewa, inda ƙasan ruwa baƙin laka ne kuma rana ke dukansa tsawon yini. Irin wannan lungu ya kan riga sauran tafkin ɗumi da digiri biyu ko uku, kuma a wannan lokaci digiri biyu ba wasa ba ne. Ya kashe babban inji, ya sauke ƙaramin na batir da ake tuƙawa da ƙafa don kada ƙara ta kori kifi, ya duba na'urar da ke gabansa: zafin ruwa digiri 17 a ma'aunin Salshiyas.

Da zarar ruwa ya kai tsakanin digiri 15 da 18, namijin bas kan baro zurfi ya zo inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ya kan zaɓi wuri kusa da kututturen da ya faɗa ruwa, ko ƙarƙashin gadar katako ta masu gidaje, ya share laka da wutsiyarsa har ya fitar da wani fili zagayayye. Macen ta zo ta zuba ƙwai dubbai, ta koma abinta. Daga nan aikin na namiji ne shi kaɗai. Shi ke kaɗa ruwa a kan ƙwan don kada laka ta rufe su, shi ke korar duk abin da ya matso, kuma bayan ƙyanƙyasa ya ci gaba da zagaye garken 'ya'yan na wasu makonni. A duk wannan lokaci da ƙyar yake cin abinci.

Mai masauki ya miƙo mini baƙin tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Da na sa, sai ƙasan tafkin ya bayyana tas. Ga farin fili kamar faifai a gindin wani kututture, ga kifi tsaye a kansa yana kaɗa fiffike a hankali, ga kuma ƙananan kifaye masu faɗi, irin da suke kira bulugil, sun yi da'ira daga nesa suna jira. Duk wanda ya ɗan matso sai mai gadin ya zabura masa, ya dawo mazauninsa.

Koton da ake amfani da shi tana ce ta roba mai laushi, a soka ƙugiya a tsakiyarta yadda in ta faɗa ruwa kai da wutsiya za su riƙa rawa. Dattijon ya jefa ta bayan filin, ya jawo a hankali har ta sauka a tsakiya. Kifin ya kalle ta, ya juya, ya dawo, ya sunkuyar da kai. A karo na gaba ya ɗauke ta. Ba yunwa ta sa shi ba, so yake ya fitar da baƙon abu daga kan ƙwansa. Dattijon ya fizgi sanda, kifin ya yi tsalle sama yana girgiza kai, cikin ɗan lokaci yana cikin jirgi, an riƙe shi ta leɓen ƙasa da babban yatsa. An aza shi a ma'auni: inci 15, wato kimanin santimita 38.

Na waiwaya na kalli filin. Tuni bulugil sun rufe shi.

"Yaya, mayar da shi maza, ka ga suna cinye ƙwan," in ji mai masauki.

"Su cinye," in ji dattijon, yana buɗe akwatin ruwa na cikin jirgin. "Kai ba ka san tafkin nan ba lokacin da yake tafki. Waɗannan ne suka gama da wolai."

Yadda aka zo nan

Wolai shi ne kifi ɗan gatan arewacin Wiskonsin. Dogo ne, ruwan zinariya, da manyan idanu masu ƙyalli da ke ba shi gani a duhu. Namansa fari ne marar ƙarni, kuma a jihar da soyayyen kifin daren Juma'a ya zama al'ada a kusan kowane gidan abinci, ba kifin da ya kai shi daraja a faranti. Ruwa mai sanyi da ɗan duhu yake so. Yana zuba ƙwai a kan tsakuwa da zarar ƙanƙara ta narke, ya tafi ya bar su ba mai gadi.

Darajarsa ta taɓa kai wa ga rikici. Ƙabilun Ojibwe, 'yan asalin wurin, da suka sallama wa gwamnatin Amurka wannan yanki a yarjejeniyoyin 1837 da 1842, sun riƙe haƙƙinsu na farauta da su a cikinsa. A 1983 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar musu da wannan haƙƙi, suka koma sukan wolai da mashi cikin dare a lokacin zuba ƙwai. Ƙarshen shekarun 1980 ya ga zanga-zanga da zagi da jifa a mashigun jiragen ruwa. Yau kowane kifin da mai mashi ya soka ana ƙirga shi a bakin ruwa, kuma abin da masu fatsa ke ɗauka a shekara ya ninka nasu nesa ba kusa ba. Na kawo wannan ne don a san cewa bas ba shi ne na farko da aka ɗora wa laifin ƙarancin wolai ba.

Shi bas, a da, shi ne abin tausayi. Ana ganin a arewa ba ya girma da sauri, kuma kama namiji a kan ƙwai na iya lalata haihuwar shekara. Don haka a 1992 jihar ta ware yankin arewa ta ce daga buɗe kaka a Mayu har wajen mako na uku na Yuni, duk bas da aka kama sai a sake shi. Aka kuma sa mafi ƙarancin tsawon da za a iya ɗauka, wanda ya tsaya a inci 14, da iyakar kifi 5 a yini.

A gefe guda kuma wata al'ada ta riga ta kafu wadda ta fi doka ƙarfi. Ray Scott, mutumin Alabama da ya kafa babbar ƙungiyar masu fatsar bas a 1968, ya fara sa masu gasa su riƙa sakin kifinsu da rai a 1972. Da gasar ta shiga talabijin, yara suka tashi suna kallon gwanaye suna ɗaga kifi a nuna wa kyamara, a mayar da shi ruwa. Sannu a hankali cin bas ya zama abin kunya a tsakanin masu fatsa. Ƙididdigar da ma'aikatan jiha ke yi a bakin tafkuna ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na bas da ake kamawa a Wiskonsin ana sakinsu. Wolai kuwa, in dai ya kai tsawon da doka ta yarda, yawanci tukunya ce makomarsa.

Daga shekarun 1990 zuwa yanzu bas ya yi ta ƙaruwa a tafkunan arewa, wolai kuma ya yi ta raguwa, musamman 'ya'yan da ake haifa a tafkin da kansu. Wanda ya ga abu biyu sun zo tare, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kuma mai hawan yana da baki irin wannan, ba sai an gaya masa wa zai zarga ba. Ƙorafi ya yi yawa, gwamnati ta saurara. A 2013 ta ƙaddamar da shirin zuba manyan 'ya'yan wolai da aka raina a gidajen kiwo. A 2014 ta janye kariyar bas mai babban baki a yankin arewa, ta ce daga Asabar ta farko ta Mayu ana iya ɗaukarsa a ci, ko da a kan ƙwai yake. Ɗan'uwansa mai ƙaramin baki ne kaɗai aka bar wa tsohuwar kariya. A wasu tafkunan arewa maso yamma har ƙa'idar tsawo aka cire gaba ɗaya.

Saboda haka dattijon bai karya doka ba. Abin da ya yi shi ne ainihin abin da dokar 2014 ta buɗe wa ƙofa. Mai masauki kuma yana bin abin da aka koya masa tun yana yaro.

Abin da bincike ya gano

A nan ne labarin ya ƙi tafiya yadda kowa ya so. Masu bincike sun kama bas da yawa a tafkunan arewa, sun wanke cikinsu sun duba abin da suka ci, har da gwajin ƙwayoyin halitta don gane naman da ya narke. Ƙwari suka samu, da ƙaguwar ruwa, da ƙananan kifaye iri-iri. Ɗan wolai a cikin bas abu ne da ba kasafai aka gani ba.

Sai aka ce to wataƙila ba cinye su yake ba, abinci yake ƙwace musu, shi da danginsa irin su bulugil. Aka gwada wannan ma, kuma gwaji ne na gaske. A tafkin McDermott da ke ƙaramar hukumar Iron, tsakanin 2018 da 2021, ayarin masu bincike na Jami'ar Wiskonsin da ke Madison, da Holly Embke a gaba, suka kwashe kifaye dangin bas sama da 200,000 daga ɗan tafkin da bai wuce hekta 33 ba. Shekara huɗu ana jan raga da tarko. Wani ƙaramin kifi mai ratsi ya samu sarari ya yawaita, amma haihuwar wolai ba ta dawo ba. In kwashe kifi dubu ɗari biyu bai yi ba, guda biyar ɗin da dattijo zai soya ranar Asabar ba za su yi ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Abu biyu ne suka fi fitowa fili. Na farko ɗumamar ruwan. A tafkin Mendota na Madison ana rubuta ranar daskarewa da ranar narkewa tun shekarun 1850, kuma lokacin ƙanƙara ya ragu da kusan wata guda. Ƙarin kwanakin ɗumi alheri ne ga ɗan bas, don yana samun girman da zai kai shi ƙarshen sanyinsa na farko da rai. Ga wolai kuwa akasin haka ne. Wani nazari da Gretchen Hansen ta jagoranta, wanda ya fito a 2017 kuma ya duba tafkuna sama da 2,000 na jihar, ya yi hasashen cewa zuwa tsakiyar wannan ƙarni tafkunan da wolai zai iya haihuwa da kansa a ciki za su ragu daga kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 4, yayin da waɗanda suka dace da yawan bas za su tashi daga kashi 60 zuwa 89. Wato ɗumin da ke ɗaga ɗaya shi ke danne ɗayan, ko sun haɗu ko ba su haɗu ba.

Na biyun ya fi ɗaci, don yana hannun masu ƙorafin. Wani nazari na 2019 ya auna yawan naman wolai da tafkuna ke iya samarwa a shekara da yawan da ake cirewa, ya gano cewa a kusan kashi 40 na tafkunan da aka duba ana cire fiye da kima. Tafki ya rage haihuwa, masu fatsa ba su rage ɗiba ba.

Ni a nawa ganin, kashin kaji aka shafa wa bas. Ya ci gajiyar sauyin da ya samu tafkunan, amma ba shi ya kawo shi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda al'adar ta juye a bai-bai: kifin da ya yi yawa har ya cunkushe shi ake lallaɓawa a mayar ruwa, wanda ke ƙarewa kuma shi ake feɗewa. A jerin tafkunan Minocqua an gwada juya abin. A 2015 masu fatsa da ƙabilar Lac du Flambeau (ɗaya daga cikin Ojibwe) da gwamnatin jiha suka amince a daina ɗaukar wolai kwata-kwata na shekara biyar, ba fatsa ba mashi, daga baya ma aka tsawaita wa'adin. A shekarar ce kuma aka mayar da iyakar wolai a yankin yarjejeniyoyin zuwa 3 a yini.

Wa ke da gaskiya a jirgin

Dattijon yana da tasa gaskiyar, ko da dalilinsa bai tsaya ba. A tafkin da bas ya cunkushe, abinci ba ya isa, sai kifayen su tsaya a inci 11 ko 12 shekara da shekaru. Mun ga haka da idonmu: yawancin abin da muka kama a ranar gajeru ne masu babban kai da siririn jiki. Rage irin waɗannan yana ba na baya damar girma, kuma su ne suka fi dacewa da ci, don sinadarin makuri mai guba yana taruwa ne a jikin manyan kifaye masu shekaru, abin da ya sa jihar ke ba mata masu haihuwa da yara shawarar kada su wuce cin bas ko wolai sau ɗaya a wata. Matsalar ita ce a tafkin namu ƙa'idar inci 14 na nan, don haka gajerun da ya kamata a rage su ne doka ta hana, mai gadin ƙwai da ya ɗan fi su girma kuma shi ta halatta.

Mai masauki ma ba a banza ya damu ba. David Philipp da abokan aikinsa sun daɗe suna nazarin wannan a tafkunan Ontariyo ta Kanada, suna nutsewa da tabarau suna ƙirga gidajen ƙwai. Sun nuna cewa in aka ɗauke namiji, ko na ɗan lokaci ne, masu jira kan afka wa ƙwan, kuma gwargwadon daɗewarsa a waje gwargwadon yiwuwar ya watsar da gidan in ya dawo. Sun kuma nuna, a wani dogon gwaji a jihar Ilinoi, cewa saurin cafkar ƙugiya hali ne da ake gado. Namijin da ya fi zafin kare 'ya'yansa shi ya fi saurin shiga hannu. In aka yi ta cire irinsa, masu sanyin gadi ne za su rage su haihu. Amma fa a tafkin da bas ya riga ya yi yawa, asarar gida ɗaya ba za ta girgiza komai ba, kuma sakin kifin bayan an gama ɗaukar hoto da gardama ba ya mayar da ƙwan da aka riga aka cinye. Wanda yake son ya kare gidan da gaske, tun farko ba ya jefa koto a kansa.

Kifin dai bai koma ruwa ba. Da yamma dattijon ya feɗe shi a kan katakon bayan gida, ya cire fata, ya tsoma naman a garin masara ya soya. Mai masauki ya ci, yana cewa ai ba komai ba ne in ba a gwada shi da wolai ba. Ranar Lahadi iska ta juyo daga arewa, zafin ruwa ya sauka zuwa digiri 14, mazan da ba su riga sun samu ƙwai ba suka ja baya zuwa bakin zurfi, sai da aka koma jifa da koto mai nauyi a gefen ciyawa kafin a samu motsi. A bakin mashiga, kafin a ɗora jirgi a mota, aka tsince duk ciyawar da ta maƙale aka zubar da ruwan akwati kamar yadda dokar jihar ta tanada, don kada a kai baƙuwar ciyawa ko dodon koɗi wani tafkin.

A cikin masana kifi na jihar yanzu ana maganar cewa ba kowane tafki za a iya ceto wa wolai ba: a zuba ƙarfi a manyan tafkuna masu zurfi da sanyi, a bar ƙanana masu ɗumi su zama na bas da bulugil. Tafkin mai masaukinmu ƙarami ne, marar zurfi, mai laka, kuma kowa ya san ɓangaren da zai faɗa. Dattijon bai yarda ba. A kowane watan Afrilu ana sauraron ra'ayin jama'a kan dokokin farauta da su a dukkan ƙananan hukumomi 72 na jihar, ƙarƙashin wata majalisar 'yan ƙasa da aka kafa tun 1934, kuma kowane mazauni na iya gabatar da ƙudurinsa a kaɗa masa ƙuri'a. A hanyar dawowa ya ce zai rubuta nasa: a cire ƙa'idar inci 14 a tafkin, a ƙara zuba 'ya'yan wolai. Mai masauki ya ce zai sa hannu a kan rabin farko.